Tsintuwa a Gaban Mai Kaya

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, suna nufin in ta fita ba ta komawa. Akwai rabin zancen da ba a cika faɗa ba: in ta fita ba ta kuma tsayawa. Waƙa ma haka take. Tun fil'azal har zuwa shekara ta 1877, lokacin da Edison ya ƙera na'urar da ke kama murya ta kuma maido ta, duk makaɗin da ya buɗe baki ya san abin da ya rera zai mutu a daren, in ban da ɗan abin da ya maƙale a zukatan waɗanda suka halarta. A kan wannan sani aka gina sana'ar kiɗa. Daga baya sai aka sami wasu mutane, masoya tsantsa waɗanda ba fatauci ya kawo su ba, suka ƙi yarda daren ya mutu. Sukan sayi tikiti kamar kowa, su shiga zauren wasa da na'ura ɓoye cikin tufafi, su fito da wasan a aljihu. Amurkawa suna kiran abin da suke fitowa da shi da wata kalma da ta samo asali daga masu fasa-ƙwaurin giya, waɗanda ke cusa kwalba cikin dogon takalmi. Faransawa kuwa suka jingina shi ga ƴan fashin teku. Sunayen biyu duk sun yanke hukunci tun ba a zauna shari'a ba. A nan za a kira shi ɗaukar ɓoye, a jinkirta hukuncin tukuna.

Ya kamata a fara sanin yadda ake aikin, domin wahalarsa tana cikin hujjojin masu yin sa. Abu na farko shi ne wurin zama. Kusa da dandamali ƙarar ganguna takan danne murya, can baya kuwa amsa-kuwwar bango takan dagula komai. Gwanaye sukan nemi tsakiyar zaure, inda sautin lasifikan dama da na hagu ke haɗuwa, su sayi wannan kujerar ko da kuɗinta ya ninka. Sai mikro guda biyu ƙanana, a maƙala su a hula ko a wuyan riga ko a jikin tabarau, ɗaya ta kowane gefe kamar kunnuwa. Daga nan mutum ya zama turke. Ba ya juya kai, don in ya juya sautin zai karkata; ba ya tafi, ba ya rawa, ba ya amsa amshi, tari ma sai dai ya haɗiye. A zamanin kaset, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, akwai ƙarin azaba. Kaset mai minti 90 tana da minti 45 ne a kowane gefe, saboda haka tilas mai ɗauka ya riƙa lissafi a zuci, ya kintaci waƙar da za ta ƙare kafin zare ya ƙare, ya juya kaset cikin duhu da hannu ɗaya yayin da jama'a ke tafi. Ga batir da ke iya mutuwa ana tsakiyar daɗi, ga ƴar allurar da ke auna ƙarfin sauti, wadda in ta faɗa ja an yi asarar dare, ga masu gadin ƙofa da ke lalube aljihu. A taƙaice, mutumin da ya fi kowa ƙaunar wasan shi ne wanda ya hana wa kansa morar sa.

Wanda ya fi yin suna a wannan fage shi ne Mike Millard, mutumin yankin Los Angeles. Tun daga 1975 yana aiki da na'urar kaset ƙirar Nakamichi 550, mai girman ƙaramin akwati, wadda ba riga a duniya da za ta ɓoye ta. Dabararsa ita ce ya zauna a keken guragu alhali ƙafafunsa lafiya lau, a ɓoye na'urar ƙarƙashin mazauni, abokinsa ya turo shi har cikin zaure, mikro kuma suna cikin hula. Da haka ya ɗauki wasan da gungun Led Zeppelin suka yi ran 21 ga Yuni 1977, wasa na fiye da awa uku, wanda har yau masoyansu ke lissafa shi cikin mafi kyawun abin da aka taɓa ɗauka daga cikin taro. Kasada ce ta gaske, domin manajan gungun, Peter Grant, an san shi da farautar masu ɗauka da farfasa musu kaya. Millard bai taɓa sayar da kaset ba. Ya tsani masu sayarwa har ya riƙa sa wata ƴar alama ta daban a cikin kowane kofi da ya ba wani, ya rubuta sunan wanda ya karɓa, don in kaset ta ɓulla a kasuwa ya san wanda ya ci amana. Mai zolaya zai ce ga ɓarawo yana gadin kayansa daga ɓarayi. Amma keken nan laifi ne mai zaman kansa, ko da wane hukunci za a yi wa kaset ɗin: ya ci daga tausayin da aka tanadar wa naƙasassu, ya sa mai gadi ya fara zargin gurgun gaskiya.

Bayan ɗauka sai rabawa. Kowane kofin kaset yakan ƙara shuu a kan na baya, saboda haka masu musanya suka riƙa rubuta salsalar kowace kaset: wannan uwa ce, wannan ƴa, wannan jika, an ɗauke ta da mikro kaza daga layi kaza. Na'urorin lamba, tun daga kaset ɗin DAT na 1987 har zuwa kwamfuta, sun kawar da wannan lalacewa, amma al'adar rubuta salsala ta zauna. Wanda ke ɗauka a ɓoye ya fi kowa nacewa a faɗi gaskiyar inda abu ya fito.

To, sata ce? Sata a fahimtar kowa ita ce a raba mutum da abinsa: akuya tana turke da dare, da safe babu ita. A nan kuwa makaɗi ya koma masauki da muryarsa, da waƙarsa, da kuɗin ƙofa cif-cif. Ba abin da ya ragu. Sai a koma ga hujjar ciniki, a ce kaset ɗin ɓoye tana hana sayen faifan halal. Game da masu bugawa su sayar, wannan gaskiya ce. Wasan da Rolling Stones suka yi a Oakland ran 9 ga Nuwamba 1969, wani ya ɗauke shi daga cikin taro, kafin shekarar ta ƙare faifan yana kantuna, makaɗan kuwa ko anini ba su gani ba. Sai a 1970 suka fitar da nasu faifan na wannan rangadi. Amma game da masoyin da ke musanya kyauta hujjar ba ta da ƙarfi, domin mutumin da ke neman wasan dare na 30 na waƙa guda, tuni ya sayi duk abin da makaɗin ya fitar, wani ma sau biyu.

Doka dai ba ta tsaya kan batun kuɗi ba. Yarjejeniyar Roma ta 1961 ta tanadi cewa mai wasa yana da ikon hana a kama wasansa ba da yardarsa ba. Ta fara aiki ran 18 ga Mayu 1964, kuma Nijar tana cikin ƙasashe shida na farko da suka shige ta. Amurka, inda ɗaukar ɓoye ta fi bunƙasa, ba ta shiga wannan yarjejeniya ba, sai a 1994 ta yi dokar tarayya a kan batun. A takarda ke nan, Nijar ta riga gwamnatin tarayyar Amurka amincewa da wannan kariya da shekara 30, ko da yake takarda daban, kasuwar kaset daban. Abin lura a cikin tanadin shi ne kalmar yarda. Dokar ta hango abin da hujjar ciniki ba ta hango ba.

Gungun Grateful Dead na Kaliforniya sun warware matsalar ta hanya mafi sauƙi: suka yarda. Daga 1965 zuwa 1995 sun yi wasa kusan 2,300, ba su maimaita dare ɗaya kamar wani, kuma mafi yawan waɗannan darare suna nan a ɗauke. Da sandunan mikro suka yi yawa har suna tare wa mai daidaita sauti gani, sai a watan Oktoba 1984, a Berkeley, aka keɓe wa masu ɗauka wuri nasu bayan teburin sauti, da tikiti na musamman. Sharaɗi ɗaya ne, kada a sayar. Jagoransu Jerry Garcia ya taɓa bayyana cewa in sun gama da wasa, jama'a na iya ɗaukar abinsu. Daga nan wata irin zumunta ta kafu: baƙo ya aika da kaset marar komai da kuɗin gidan waya ga wanda bai taɓa gani ba, a cika masa a maido. Wanda ya karanta littafin Marcel Mauss na 1925 a kan kyauta zai gane tsarin nan take, wato bayarwa da karɓa da ramawa, kowanne da nauyinsa. Mace mai zuwa biki da gudummawa ta san shi ba tare da Mauss ba.

Sai dai kyauta tana da mai ita. A watan Nuwamba 2005, shekara 10 bayan rasuwar Garcia, masu kula da dukiyar gungun suka nemi taskar Internet Archive ta janye wasanninsu daga intanet. Masoya suka yi ca, har da barazanar ƙaurace wa kayan gungun. Cikin ƴan kwanaki aka sasanta: abin da aka ɗauka daga cikin taro, kowa na iya sauke shi, abin da aka ja kai tsaye daga teburin sauti, a saurara kawai. Rabon yana da hikima, kamar an ce abin da kunnen taro ya kama na taro ne, abin da ya bi ta wayar makaɗa na makaɗa ne. Amma hayaniyar ta nuna wani abu mai ɗaci: mutanen da aka yi wa kyauta shekara 20 sun wayi gari suna ɗaukar ta gado.

Inda aka ba da izini, babu sauran tambaya. Tambayar tana wurin makaɗin da ya ce a'a. Robert Fripp, mai gitar gungun King Crimson na Ingila, ya shafe shekaru yana roƙon masu sauraro kada su ɗauka, kuma hujjarsa ba ta kuɗi ba ce: a ganinsa na'ura a cikin taro tana ɓata abin da ke tsakanin mai kiɗa da mai ji. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin tsirfar masu fasaha, amma a duba da kyau. Mai wasa a gaban jama'a yana gwada abin da bai tabbatar ba. Yakan kai murya inda wataƙila ba za ta kai ba, yakan bi wata hanya ya ga ba ta ɓullewa ya dawo. Abin da ke ba shi wannan ƙarfin hali shi ne sanin cewa kuskure zai mutu tare da daren. Ranar da ya tabbata kowane dare za a ajiye shi, sai ya fara wasa irin na mai ba da shaida a gaban alƙali. Abin da mai ɗaukar ɓoye ya karɓe daga hannunsa, ashe, shi ne ikon zaɓen abin da zai rage da abin da zai shuɗe. Wannan iko ba ya cikin kuɗin tikiti. Tikiti ya sayi kujera da dare ɗaya.

Makaɗan Hausa sun san wannan tun ranar da rediyo mai kaset ya fara zama a kan tabarma a wurin biki. Zambon da makaɗi ya yi wa wani marowaci da tsakar dare, cikin mutanen da suka san dalili, suka yi dariya suka watse, abu ne mai iyaka. In kaset ta kai shi tashar mota da rumfar mai shayi, daga Maraɗi har Agadas, ya zama tambarin da jikokin mutumin za su gada, makaɗin kuma ba shi da hanyar janyewa ko da sun shirya washegari. Ba makaɗi kaɗai aka ɗauka a ɓoye ba, har da wanda aka ambata.

Duk da haka, akwai ma'auni na biyu, kuma yana da nauyi ƙwarai. Daga 1901 zuwa 1903, Lionel Mapleson, mai kula da takardun kiɗa a gidan opera na Metropolitan a New York, ya riƙa kafa na'urar Edison yana kama guntayen wasa na kamar minti biyu a kan kakin zuma. Shahararren mawaƙin wancan zamani, Jean de Reszke, bai bar wa duniya faifai ko ɗaya ba. Ɗan abin da ake iya ji na muryarsa a yau, can ƙasa cikin ƙara da kwaramniya, daga kakin Mapleson ne. A 1947 da 1948, wani saurayi mai busa, Dean Benedetti, ya riƙa bin Charlie Parker daga gidan rawa zuwa gidan rawa a Los Angeles da New York. Don tattalin faifai da zare, yakan kunna na'ura in Parker ya fara busa, ya kashe da zarar ya gama, sauran makaɗan ko oho. Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, Benedetti ya bi shi a 1957, abin da ya tara kuwa bai fito fili ba sai a 1990. A arewacin Nijar, lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, waƙoƙin gitar Abdallah Oumbadougou ba su da wata hanya sai kaset da ake kofa daga hannu zuwa hannu, a lokacin da riƙe su ma haɗari ne. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, gwanin ƙirƙira nan take ne, kuma da yawa daga abin da ya rera a wuraren taro ba don kaset ɗin mahalarta ba da sun bi iska. Ba mai hankalin da zai so a ƙone waɗannan. Fripp kansa, daga baya, kamfaninsa ya riƙa tattara kaset ɗin ɓoye na tsofaffin wasanninsa yana gyarawa yana sayarwa.

Kuskuren da masoya ke yi shi ne su ce darajar abin da aka ceto ta wanke hanyar da aka ceto shi. Max Brod ya ƙi ƙone rubuce-rubucen Kafka bayan rasuwarsa a 1924, duniya ta ci riba, amma wasiyyar abokinsa dai ya saɓa. Ribar da saɓawar suna nan tare, ɗaya ba ta shafe ɗaya ba. Haka mai ɗaukar ɓoye. Matsayin da ya fi dacewa da shi wataƙila shi ne na mai tsintuwa. Ya ɗauki abin da zai halaka in an bar shi, kuma ya yi ɗawainiya a kansa. Sai dai tsintuwar tasa baƙuwa ce, domin mai kayan yana tsaye a gabansa, bai yar da shi bisa kuskure ba, sakin sa ya yi da gangan. Saboda haka nauyin da ke kan wannan mai tsintuwa ya fi na kowa. Al'ada ta ce wanda ya tsinci abu ya yi cigiya, kada ya kai kasuwa, kada ya ce nasa ne, in mai shi ya zo ya miƙa ba gardama. In aka fassara wannan zuwa kaset: a rubuta sunan makaɗi da wuri da rana, kada a ci kuɗi, kada a yaɗa abin da zai tozarta shi ko wanda ya ambata, in ya ce a janye a janye. Wanda ya kiyaye waɗannan bai zama marar laifi ba, ya dai zama mai laifin da ke biyan bashinsa.

An taɓa yin irin wannan cigiya a yankin Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙin da matasa ke tura wa juna daga salula zuwa salula a Kidal, da yawansu babu ko sunan mai su. Kafin ya fitar da su a faifai a 2011 sai ya bi sawun mawaƙan ɗaya bayan ɗaya don a yi yarjejeniya a raba kuɗi. Ɗaya daga cikin waɗanda aka gano ta haka shi ne Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda daga baya ya zaga duniya da gitarsa. Wani lokaci kuma mai kayan ne ke zuwa da kansa: a 2025 gungun Pink Floyd suka fitar da wasansu na Los Angeles na Afrilu 1975 a hukumance, daga kaset ɗin Millard, shekara 31 bayan mutuwarsa.

Yau kowa na da na'urar ɗauka a aljihu, kuma wannan ya rage wa aikin daraja fiye da yadda doka ta taɓa yi. Millard yakan hana kansa motsi awa uku don wasu su ji. Mai ɗaga salula yana tare wa na bayansa gani don guntun da shi kansa ba zai sake kallo ba. Shi ya sa mawaƙa irin su Bob Dylan da Jack White suka koma sa a kulle wayoyin mahalarta cikin ƴar jaka tun daga ƙofa.

Akwai dai wanda ko cigiya ba za ta biya shi ba, domin abin da yake so shi ne kada a tsinta sam. Sergiu Celibidache, ɗan Romaniya, wanda ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗan birnin Munich daga 1979 har rasuwarsa a 1996, ya daina shiga ɗakin buga faifai tun shekarun 1950. Imaninsa shi ne kiɗa yana faruwa ne a ɗaki guda, a sa'a guda, kuma saurin da ya zaɓa ko nawar da ya yi sun dogara da yadda bangon wannan ɗakin ke maido da sauti. In an ɗebe shi an kai wani ɗaki, ya zama wani abu dabam da ke ɗauke da sunansa. Wannan ƙin shi ya ƙara wa mutane kwaɗayi. Faifan ɓoye na wasanninsa suka cika kantuna, yawancinsu an kofo su daga rediyo, da sauti marar kyau. Bayan ya rasu, matarsa da ɗansa suka sami kansu tsakanin abu biyu: su bar duniya ta san shi ta waɗannan gurɓatattun kofi, ko su buɗe taskar da ya hana a buɗe. Cikin hujjojin da suka bayar har da yawan faifan ɓoye. Ba a cika shekara uku da binne shi ba, kamfanin EMI ya fara fitar da wasanninsa na Munich, da sunansa da hotonsa a bango.